'Yar Gari Mai Cin Gajiya

Awa ɗari biyu da arba'in na aikin sanin makama, da hatimin wata ƙungiya a kan takarda, su kaɗai suka rage wa Yomaira Nazareno ta karɓi digirinta na kimiyyar muhalli a bana. Wurare tara ta rubuta wa. Masu kirkin cikinsu ne ma suka amsa mata da a'a.

Sai ga wata ƙungiya daga Quito, babban birnin ƙasar, ta sauka a garinsu na bakin teku, za ta yi dashen mangle, itatuwan nan da ke tsaye cikin taɓo inda mata ke haƙar ƙumba. Yomaira ta sa farar rigarta ta je wurin shugaban aikin, Injiniya Larrea.

"Ɗalibai shida muke ɗauka, kuma mun cika," in ji shi. Har ta juya ya ce, "Tsaya. Ke 'yar garin nan ce?"

"Nan aka yanke cibiyata, Injiniya. Uwata mai haƙar ƙumba ce."

"To ai ke muke nema. Sa sunanki a nan."

Takardu biyu ne a kan teburin. Wadda ya turo mata ita ta cika, murna ba ta bar ta ta karanta abin da ke samanta ba.

Ɗaliban nan shida kuwa, Allah Sarki, ko taɓo ba su taɓa takawa ba. Ranar farko wani dogo mai suna Matías ya nutse har cinya, yana ɗaga wayarsa sama kada ta jiƙe.

"Ɗan birni, taka saiwa mana," in ji Yomaira tana jawo shi, "in ba so kake mu dasa ka a nan ba."

Ita ta koya musu hura ɓawon kwakwa don hayaƙin ya kori sauro. Ita ta hana su dashe a gefen da igiyar ruwa ke kwashe komai, ko da yake taswirar Injiniya can ta nuna. Wata biyu tana gaba suna binta a baya suna rubutawa, duk wanda ya ɗaga kyamara kuma ita yake ɗauka.

Ranar rufe aiki aka raba takardun shaida. Washegari ta hau mota ta kai takardarta jami'a. Magatakardar ya karanta, ya turo mata abarta da yatsa ɗaya.

"Wannan ba ta ɗaliba ba ce. Duba: 'yar gari mai cin gajiyar shiri. Taimakonki aka yi, ba aiki kika yi ba. Sai baɗi."

A bakin ƙofar ofishin ta kira Injiniya Larrea a waya.

"Kalma ɗaya ce za ka gyara, Injiniya."

"Yomaira, rahoto ya riga ya tafi wurin masu ba mu tallafi, hotonki ne ma a bangonsa. In na mayar da ke ɗaliba, wa muka taimaka ke nan? Yi haƙuri. Baɗi za mu kawo wasu, muna so ki sake riƙe mana su."

Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Ta kashe wayar.

Ta iso gida da la'asar ta tarar uwarta, Doña Ubaldina, ta dafa ƙumba da miyar kwakwa, ta tara maƙwabta. Uwar, wadda ba ta san ko baƙi ɗaya ba, ta karɓe takardar da hannu biyu, tana nuna wa kowa hatimin.

"Karanta musu, 'yata. Da ƙarfi, su ji abin da boko ya yi."

Kafin Yomaira ta buɗe baki, tsohuwa Eufemia, abokiyar uwarta a haƙar ƙumba, ta miƙo wuya ta ƙura wa takardar ido.

"Af, ai irin tawa ce. Duk wadda ta ɗaukar musu dashe sun ba ta. Da tawa nake fifita wuta."

Doña Ubaldina ta dubi takardar, ta dubi 'yarta.

"Ba irinta ba ce," in ji ta a hankali. "Gaya mata, Yomaira. Gaya mata ba irinta ba ce."