Goruna Uku a Teburin Likita

Ranar da likita ya ce akwai maganin da zai fitar da gubar dalma daga jinin Zayyad, Inna Kyauta ba ta bari an kai gida ba, tun daga ƙofar asibiti a Gumel ta fara kiran dangi a waya don murna.

Zayyad jikanta ne, ɗan shekara shida, ɗan Yahuza direba da matarsa Zuliha. Yaro ne da Allah Ya yi shi daban. Maganarsa ba ta wuce 'yan kalmomi, ba ya kallon mutum cikin ido, kuma yana iya wuni yana jera murafen kwalba a gindin bango. Likitoci sun ce lalurar galahanga ce. To sai ga ciwon ciki da ƙin abinci sun sa shi gaba, aka auna jini aka tarar dalma ta yi masa yawa. Da aka bi diddigi, ashe kwallin da ake zizara masa tun yana jariri ne, ga shi kuma yaro ne mai kai komai baki, har tandun kwallin yakan tsotsa.

Likitan bai ɓoye musu komai ba. Ya ce, "Hajiya, wannan magani dalma kawai yake cirewa. Ba zai sa ya fara surutu ba, kada ki sa rai da wannan. Sannan yana iya wahalar da hanta, shi ya sa za mu riƙa auna jininsa. In hantar ta gaji dole mu tsayar, dalmar kuwa ta ci gaba da zama a jikinsa tana yi masa ɓarna."

Inna ta ce, "Surutu kuma na nawa, likita? Ai ni ina yin nawa ina yin nasa. Angona dai ya ci abinci ya yi ƙiba."

A duk wayar da ta buga sai ta ƙare da cewa, "Amma fa an ce maganin yana taɓa hanta, a taya mu da addu'a." Kun san mutanenmu. Da an ambaci hanta sai kowa ya tuna ciwon shawara, kuma babu gidan da ba shi da nasa maganin shawarar da ya gada. Kafin mako ya zagayo saƙo ya fara sauka a tasha. Hajiya Naja'atu, mahaifiyar Zuliha, ta aiko wa 'yarta jiƙon saiwar rawaya daga Gagarawa. Ummulkhair, ƙanwar Inna, ta aiko wa yayarta jiƙon ɓawon maɗaci daga Sule Tankarkar. Kawu Gwadabe kuwa, yayan Inna, da Yahuza ya sauke fasinja a Maigatari ranar kasuwa, ya ja shi gefe ya damƙa masa wata gora ya ce daga Damagaram aka kawo, hanta ko ta raƙumi ce sai ta wanku.

Ga inda gizo ya yi saƙarsa. Zuliha ta ji nauyin ta fito da maganin uwarta a gidan surukarta, kada a ce ta raina kulawar Inna, sai ta ɓoye gorar a bayan kwalla, da safe ta zuba masa a kunun gyaɗa. Inna ita ma tana kunyar matar ɗanta, ba ta so a ce tsohuwa ta shiga tsakanin uwa da ɗa, sai ta jira Zuliha ta shiga kicin da rana, ta gauraya nata da zuma ta ce, "Angona, zo ka lasa." Yahuza kuma da yamma yakan ɗauki yaron su zaga gari a mota, a can yake tsiyaya na Kawu a cikin lemo. Kowa cikinsu yana kwana da farin cikin shi kaɗai ke tsare hantar yaro.

Da aka koma awon jini, likita ya daɗe yana kallon sakamakon. Ya ce dalma ta fara sauka, Inna ta ɗaga hannu sama za ta yi hamdala, sai ya ce, "Amma hantarsa ta nuna wahala fiye da yadda na zata. Daga yau a tsayar da maganin. Ana ba shi wani abu a gida?"

Zuliha ta sunkuyar da kai. Yahuza ya kama wasa da makullin mota. Inna ta ce, "Abinci dai."

Likitan ɗan ƙasa ne, ya san irin wannan noƙe-noƙen. Ya ce, "To gobe kowa ya zo min da duk abin da ya taɓa sa wa yaron nan a baki, ko da ruwan addu'a ne. In ban san abin da ke damun hantar ba, ba zan sake ba shi maganin ba."

Washegari suka jeru a kan benci a gabansa, Zayyad na ƙasa yana juya murfin biro. Zuliha ce ta fara. Ta buɗe jaka ta ajiye gora mai ruwa rawaya a kan tebur, ta ce, "Inna, ki yafe ni, daga Gagarawa aka aiko."

Inna ta zaro ido. "Ke 'yar nan! Ke ma?"

Ta kwance bakin mayafinta, sai ga tata gorar, ta dire kusa da ta farko. Su biyun suka kalli juna, sannan suka juya tare suka kalli Yahuza, wanda aljihun rigarsa ya yi tulu.

"Direba," in ji Inna, don ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, "wannan kumburin na aljihunka, shi ma likita zai duba?"

Yahuza ya fito da gorar Kawu yana sosa ƙeya. Likita ya buɗe ya shinshina ya kawar da kai, ya ce, "Hanta ɗaya, ta yaro ƙarami, tana fama da maganina, ga kuma waɗannan uku da ko ni ban san abin da ke ciki ba. Ba zan rantse su ne ba, amma a daina duka, mu sake aunawa bayan mako biyu. In ta sauka mu ci gaba."

A mota Inna ta kasa zama daram. Ta ce, "To ai in su ne, abin ya zo da sauƙi! Sai dai masu aikowa ba za su daina ba, kuma ke Zuliha ba za ki iya ce wa Hajiya ta riƙe maganinta ba. Ni zan je da ƙafata. Direba, gobe ba ka da fasinja sai ni."

Haka kuwa aka yi. A Sule Tankarkar ba a sha wahala ba, ƙanwa ce, Inna ta ce a daina, Ummulkhair ta ce to Yaya. A Maigatari suka sami Kawu Gwadabe, yayan Inna, a rumfarsa ta sayar da igiya, ya ji bayani ya ɓata rai.

"Kyauta, maganin nan na sha shi da kaina, kin gan ni garau."

"Yaya, kai da ko igiyar nan ka dafa ka ci ba abin da zai same ka? Angona fa ba irin cikinka gare shi ba. In kana son lada, aiko masa da dabino."

Kawu ya yi dariya har hularsa ta karkace, ya sa aka auno dabinon nan take.

Gagarawa ce mai nauyi. Inna ta zauna a tabarmar Hajiya Naja'atu, aka gaisa, aka tambayi gona da dabbobi, aka sha fura, ba ta taɓo zancen ba sai da ta fara da kanta. Ta ce, "Hajiya, ni na fara ɓata, maɗaci na yi ta ɗura wa jikanmu a ɓoye, likita ya kama ni." Hajiya ta rufe baki da mayafi, ta ce, "Ashe mu biyu ne." Ta tashi da kanta ta zubar da sabon jiƙon da ta haɗa, ta cika wa Inna kwarya da ƙwan zabi.

Makonnin nan biyu gidan ya sauya. Duk abin da za a ba yaron sai an faɗa da ƙarfi a tsakar gida. Zuliha ta ce, "Inna, zan ba shi kunu." Inna ta amsa daga ɗaki, "Kunu zalla?" Sai su kwashe da dariya. Amma kowace safiya Inna sai ta ja shi bakin ƙofa ta leƙa farin idonsa ko ya koma rawaya.

Ranar sakamako likita bai ma bari sun zauna ba. Ya ce, "Hantar ta dawo daidai. Gobe mu ci gaba da magani."

Inna ta manta a asibiti take. Ta kama hanci ta rangaɗa guɗa, sai ta ga Zayyad ya toshe kunnuwansa da hannu biyu ya runtse ido. Nan take ta haɗiye sauran, ta durƙusa ta ce a hankali, "Yi haƙuri angona, na daina." Ta fice da sauri har bakin titi, inda ba zai ji ba, ta ƙarasa guɗarta a can, masu sayar da lemo da 'yan acaɓa suna tambayarta wa ya haihu.