Tagar da Aka Auna a Zaune

Tun rasuwar mijin Ikilima, kaji ne ke riƙe da gidanta a Takur. Ma'aikatan da suka cika Dutse bayan an ba da jiha, da ƙwan gidanta suke karyawa. Abokiyar gabarta ɗaya ce, bazara. Da hadari ya haɗu ruwa ya ƙi sauka, sai iska ta tsaya cak, kaji su buɗe baki suna haki har wasu su kife.

Ƙaninta Zailani, tela mai raɓe a rumfar wani, shi ya kawo dabarar sabon akurki. Da tsinke ya zana mata a ƙasa.

"Adda, zafi sama yake tashi, a ɗaga jinkar ta wuce tsayin mutum. A yi daɓen siminti saboda laima. Sai babbar taga a katangar titi, ta nan iska ke shigowa."

"Kaji ne fa, ba amarya ba," in ji ta, amma ranta ya yi fari. Ashe dai tana da namiji a gida.

Ranar fasa tagar, kujera ya jawo ya zauna, ya sa alama daidai gwiwar hannunsa. Ta yi ta tsokanarsa, wai malalaci ko awo sai a zaune. Ita ta yi ta jidar ruwan gini har wuyanta ya sage. Aka sa ragar waya, aka baza ɓuntun shinkafa, kuma bazarar nan ko kaza ɗaya ba ta rasa ba. Duk wanda ya zo sayen ƙwai sai ya sha labarin Zailani.

Da bazara ta zagayo, jinyar mahaifiyarsu ta kai ta Jahun. Zailani ya dafa ƙirji ya ce ta tafi hankali kwance.

Ranar da ta dawo, tun daga bakin titi ta ji ƙarar keken ɗinki. An cire ragar, riguna na rataye a tagar. Kajin kuwa ta same su a lungun banɗaki ƙarƙashin tsohon kwano, wurin kamar tanda. Yawancinsu sun mutu, 'yan da suka rage sun saki fukafukai, ko motsi ba sa yi.

"Zailani, amanar ke nan?"

"Haba Adda," ya ce, bai ko ɗago ba, "wuri irin wannan a bakin titi, a bar wa kaji?"

Mutuwar kajin ta yi mata ciwo, amma da ta tsaya a ƙofar ta dube shi, abin da ta gani ya fi ciwo. Yana zaune a kan kujerar nan, iska na kaɗa masa riga, gwiwar hannunsa a kan bakin tagar, daidai wa daida.