Zakaran Ya Riga Shi Takawa

Ran Talata zakaran ya fara taka ƙasa. Mas'udu yana kwance kan tabarma yana kallonsa, kamar ya shaƙe shi.

Gidansu gidan ɗori ne a Daudawa. In aka kawo mai karaya, ubansa Malam Gide yakan karya ƙafar kaza, ya ɗora ta rana ɗaya da ta mutumin. Ranar da kazar ta taka, ranar mai karaya zai miƙe. Haka ya yi wa Mas'udu da wannan zakaran, sa'ad da babur ya kayar da shi a hanyar Yankara. Sai dai ƙaurin ƙafar tasa ya kumbura, ya soma wari, har kawunsa Almu ya zo da mota ya kwashe shi zuwa asibiti a Zariya, ko sallama bai yi wa mai gidan ba.

Can aka sa masa ƙarfe. Likita ya ce an lulluɓe ƙarfen da magani mai narkewa sannu a hankali, yana kashe cutar da ta shiga, yana jawo ƙashi ya rungumi ƙarfen. "Sai ya kama tukuna. Ka taka kafin nan, ƙarfen ya motsa, to ƙafar ce za ka rasa."

Tun da ya dawo, masu karaya suka rage zuwa zauren.

"Ka ga zakaranka?" in ji Malam Gide, yana tsaye a kansa. "Ran Juma'a ana saukowa masallaci zan shigo da mutane. Za ka tashi ka taka."

"Baba, maganin bai gama aiki ba."

"Wane magani? Wanda aka ɗinke cikin nama, ba mai ganinsa? Ni nawa ana gani, ana shinshinawa."

"An shinshina kuwa. Har maƙwabta."

Tsohon ya dube shi, dogon kallo. "Kawunka ya ara maka baki ke nan. In ba ka taka ba, ka koma gidansa ya ci da kai, kai da ƙarfenka."

Juma'a ta zo. Gida ya watse, maza suka tafi masallaci, mata suna can ciki. Mas'udu ya watsa ɗan gero kusa da tabarma. Zakaran ya matso yana taƙama da sabuwar ƙafarsa. Mas'udu ya cafke shi, ya danne bakin, ya laluba inda ƙashin ya haɗe. Ai ɗan gidan ne, ya san wurin. Ƙas.

Da aka shigo, zakaran yana jan ƙafa a gindin turmi. Mutane suka yi cirko-cirko.

Malam Gide ya ɗauke shi, ya bi ƙashin da yatsa. Ya ga geron. Ya dubi gashin zakaran da ya maƙale a hannun rigar ɗansa.

"Bai nuna ba," ya ce wa mutanen. "Yaro ba zai tashi yau ba."

Da suka fita, ya zauna ya jera karare a ƙafar zakaran, ya ɗaure tamau.

"Hannunka ya iya," ya ce, bai ɗago ba. "Karyawa dai."

Mas'udu ya juya fuska bango. Can cikin ƙaurin, wani abu yana ta ɗan zugi.