Baƙo Mai Takalma Huɗu

Mainasara ne ya gayyato maƙwabciyarsu Baturiya cin tuwo a gidansu na unguwar Bronx, can ƙasar waje, a sanyin 1974, har ya koya mata cewa Hausawa na cire takalmi a bakin ƙofa. Matarsa Turai tana buɗewa ta tarar matar ta tuɓe nata, ta durƙusa tana cire wa karenta 'yan takalmansa. Karen ya shige abinsa, ya miƙe a kan darduma.

"Ƙishirwa yake ji," in ji Baturiyar.

Turai ba ta taɓa hana baƙo ruwa ba. Ta shiga kicin, ta tsallake kwanuka duka, ta cika kofin shayin Mainasara, ta dire wa karen.

"Malam, ai baƙonka ne," ta ce da mijin, tana murmushi.