Guɗar Zalika

Zalika 'yar mai goge ce daga Maraɗi, amma a Dubai ba wanda ya san haka. Aikinta nuna wa baƙi kujera a wani ƙaramin zauren kiɗa. Ran Asabar da la'asar Oga Dickson, mutumin Kafanchan da ke kula da ma'aikatan wurin, ya ja musu kunne.

"Yau kiɗan Turawan dauri ne. Duk wanda ya yi ko tari, khalas, ya nemi wani aikin."

Zalika ta ce to. Bizarta a kan aikin nan take, ina ita ina gardama?

Makaɗa uku suka fito. Na tsakiya tsoho ne, ya kafa wani ƙaton goge tsakanin gwiwoyinsa, wai shi bariton. Yana goga tsirkiyoyin gaba, babban yatsansa kuma na taɓa waɗansu na waya a bayan wuyan abin, kai ka ce mutum biyu ke kaɗawa. An ce kiɗan ya haura shekara ɗari biyu, masu iya shi kuwa ba su taka kara sun karya ba.

Tsohon nan ya yi ta yi har gumi ya karyo masa. Mutanen fa? Tsit! Ba madalla, ba liƙi, wani ma rufe ido ya yi. Ran Zalika ya ɓaci. Haka aka yi wa mahaifinta. Da zamani ya juya aka daina kiransa biki, sai ya riƙa kaɗa gogensa a zaure shi kaɗai, ita kuwa tana rakuɓe a bakin ƙofa, kunya ta hana ta ko tafa masa. Har ya rasu ba ta tafa ba, abin na cin ta har yau.

Makaɗan suka ɗan tsagaita, aka sake yin tsit. Ta tuna biza, ta tuna tsohonta. Sai ta kama hanci ta rangaɗa guɗa.

Duk zaure ya waiwayo. Tsohon ya ɗago, ya yi murmushi, ya ci gaba da abinsa. Da aka gama kuwa, mutanen nan suka miƙe suna tafi kamar ba za su daina ba.

Dickson ya same ta tana gyara kujeru.

"Ƙanwata, me ya hau kanki?"

"Pardon, Oga. Gani na yi sun wulaƙanta shi."

"Wulaƙanci? Ai shirun nan shi ne liƙinsu, ba sa so ko kaɗan daga kiɗan ya wuce musu. Kin ci sa'a, tsohon ya roƙa a bar ki. Kada ki ƙara."

Ta yi godiya, ta koma kan kujerunta. Tana cikin jera su hawaye suka zubo mata, don sai yanzu ta tuna: mahaifinta bai taɓa fara kiɗa a zauren nan nasa ba sai ya ji takunta a bakin ƙofa.