Baifas a Kekun Waje

Malam Lawwali, tafintan Baturen hanya a Gusau, yana da wani hali: in kalmar Turanci ta fi ƙarfinsa ba ya tambaya, sai ya raba ta biyu ya fassara kowane ɓari. Da haka ya daɗe a bakin aiki, kuma ba wanda ya mutu.

A kakar 1955 Baturen ya shimfiɗa taswira, ya ce sabuwar hanyar motocin auduga za ta yi "bypass" ɗin Kekun Waje, garin su Lawwali. Nan take Lawwali ya sa wa kalmar wuƙa. "By" kusa ne, "pass" wucewa ne. Ke nan hanya za ta ratsa garinsu.

Ran Juma'a ya hau keke ya kai albishir. Wansa Yari ya tare shi.

"Mi Nasara ya ce da bakinai?"

"Baifas."

"To kun ji! Bai fasa ba."

Dattawa suka auna rariyar gari da ido, suka ga mota za ta shige ko'ina sai dai wurin zauren mahaifin su Lawwali, wanda ya ɗan turo kafaɗa waje. Mahaifiyarsu, Inna Tambaya, ta ce, "Nan tsohonku ya zamna har ya cika. Ku bar mini shi in riƙa gani."

"Inna, ɗanki na, ɗan boko, shi ya hwaɗi," in ji Yari.

Ta dubi Lawwali. "Kai ka jiya da kunnenka?"

Ya ce ya ji. Wannan kam ba ƙarya ba ce.

Aka rushe zauren, aka jingine azarorin a gindin katanga.

Da rani ya yi, Bature ya fito kafa turaku daga wajen Bungudu. Lawwali na biye da shi yana kallon turakun suna karkata, suna nesanta da gari, har suka faɗa gonakin dawa. Ya gyara murya, ya tambaya cikin ladabi ko an sake shawara ne. Bature ya ɗauki kara, ya zana da'ira a ƙasa, ya ja layi ya kewaye ta bai taɓa ta ba.

"Bypass," ya ce.

Lawwali ya gyaɗa kai kamar dama abin da yake nufi ke nan. Ya tsaya yana jira wani abu ya motsa a ƙirjinsa. Ba abin da ya motsa. Ya cire takalmi ya kakkaɓe tsakuwa, ya mayar.

Da la'asar ya shiga gida ta inda babu ƙofa. Inna na zaune kan tarin ƙasar tana ɓarar gyaɗa.

"Malamin Turanci!" in ji Yari. "Yaushe hanyar taka za ta iso?"

"Tana kewayowa."

Inna ba ta ɗago kai ba. "Akwai hura cikin ɗaki," ta ce.

Ya shiga ya sha. Furar ba laifi.

An buɗe hanyar bayan damina. Daga inda Inna take zama ana hango motocin sarai, can nesa, tunda ba abin da ya tare.