Ƙafar Inna da Farin Garin Auta

Gyambon ƙafar Inna ya ƙi jin magani. An yi allura, an sha ƙwaya, a banza. Likita ya ce ƙwayoyin cutar da ke ciki sun saba da magungunan, sun zama 'yan gida. In bai lafa ba, za a yanke daga idon sawu.

Babban ɗanta mai walda ne, ba ya yarda da abin da hannunsa bai taɓa ba. Ya rufe shago ya nufi ɗakin binciken da Auta, ƙanwarsa, take aiki. Ya tarar tana ɗiga dafaffen ruwan ganyen gwaiba cikin wata kwalbar ruwa da aka narkar da gishirin ƙarfe a cikinsa. Kwalbar ta yi fari kamar madara. Abin da ya kwanta a gindi, in ji ta, shi ake busarwa a gasa, ya zama garin da ido ba ya ganin ƙwayarsa.

Ta nuna masa wani farantin gilashi. Ƙwayoyin cuta sun lulluɓe shi kamar fumfuna, sai wani ɗan fili tas inda aka sa garin.

"Na wurin nan duk sun mutu, Yaya."

"To ƙulla min a leda."

"A faranti ya yi aiki. Ko ɓera ba mu gwada wa ba."

"Inna ta fi ɓera buƙata."

"Shi ya sa ba zan fara da ita ba."

"Wato mun sa ki makaranta ne ki riƙa warkar da faranti."

Ta mayar da garin kabad, ta murɗa makulli.

Ya fito yana huci. Ganye ne da ƙarfe, ai ya gani da idonsa. Ƙarfe kuwa wa ya kai shi sani? Ya sa magagari ya goge guntun kwanon rufi, ya dafa tsakin da ganyen gwaiba a gwangwanin fenti, ya shanya. Nasa ya fito toka-toka. Ya ce fari ado ne na 'yan boko.

"Ɗan nan, da zafi," in ji Inna da ya barbaɗa mata.

"Aiki yake yi, Inna."

Ta bar shi ya ƙarasa, don ba ta taɓa musa masa ba.

Kafin mako ya zagayo zazzaɓi ya kwantar da ita, kumburi ya haura gwiwa. Likita ya riƙa tsamo tsakin ƙarfe daga cikin naman da hantsaki yana jerawa a auduga. Bai yi faɗa ba. Ya dai ɗora yatsa a cinyarta, ya ce yanzu daga nan ne.

A barandar asibiti Auta ta zauna gefen yayanta, idonta ja. Ya so ta zage shi, ta ƙi.

Da aka turo Inna za a shiga da ita tiyata, ta miƙo masa silifas ɗinta.

"Riƙe min, kar su ɓata."

Ya karɓa duka biyun.